Ruwan Alau: hukuncin Allah ne ko sakacin masu mulki?

Maman_Rifkatu
Salama a gare ku 'yan'uwa. Tun ranar Lahadi wata magana ta tsaya mini a wuya, na kasa haɗiye ta, shi ya sa na kawo ta nan.

Mun yi baƙon mai wa'azi a majami'armu. Yana cikin wa'azi sai ya ɗauko maganar ambaliyar Maiduguri ta 2024, wadda fashewar madatsar Alau ta jawo, da ta Mokwa ta 2025, ya ce duk bulalar Allah ce a kan ƙasar nan saboda zunubi da kuma irin shugabannin da aka zaɓa a 2023. Ya ce ruwan ya san inda ya je. Mutane suna ta cewa amin. Ni kuwa ina zaune jikina yana rawa, don ina cikin waɗanda ruwan ya je wurinsu.

Mu mutanen Gwoza ne. A 2014 muka gudo Maiduguri da kayan jikinmu kawai. Shekara goma muna tarawa kaɗan-kaɗan, har na sayi keken ɗinki, maigida ya samu ɗaki biyu a Gwange. Daren 9 ga Satumba, wayewar 10, wajen ƙarfe biyu, ƙaramar 'yata ta tashe ni ta ce Mama katifa ta jiƙe. Na sa ƙafa ƙasa na ji ruwa a idon sawu. Kafin mu tattara yara ya kai gwiwa, kafin mu kai bakin titi ya kai ƙirjin maigida. Kwana 12 ba mu koma ba. Da muka koma, keken yana cikin laka, takardun makarantar yara sun zama kamar tuwo, Littafi Mai Tsarki na mahaifiyata da na gudo da shi daga Gwoza ya kumbura, shafukan sun manne da juna.

To ina tambaya da zuciya ɗaya, ba don gardama ba: mu ne Allah ya hukunta? In shugabanni ya nufa, me ya sa ba gidajensu ruwan ya ci ba? Masu sani ku taimake ni.

Fasto_SD
Sannu Mama, Ubangiji ya ta'azantar da ku. Ki buɗe Luka sura 13 daga aya ta 1 zuwa ta 5, kusan tambayarki ce aka kawo wa Yesu. An ba shi labarin Galilawan da Bilatus ya kashe suna cikin miƙa hadaya. Shi da kansa ya ƙara da labarin mutum 18 da hasumiya ta faɗa wa a Siluwam. Ki lura, na farko aikin mai mulki ne, na biyu kuma gini ne ya rushe. A duka biyun ya tambaye su ko suna tsammani waɗanda suka mutu sun fi sauran zunubi, a duka biyun kuma ya ce a'a. Daga nan ya juya kan masu tambayar ya ce su ne za su tuba. Bai bar kowa ya tsaya a tudu yana nuna waɗanda ke cikin ruwa da yatsa ba.

Ban ji wa'azin da kunnena ba, don haka ba zan yanke wa ɗan'uwana hukunci ba. Amma in har ya ce ruwan ya san inda ya je, to ya faɗi abin da Ubangijinmu ya ƙi faɗa.

Dattijo_Kagoro
Fasto, na yarda da ayar, amma kada mu wuce gona da iri. Yaran yanzu suna so su mai da Allah wanda ba ya fushi. Ruwan Nuhu fa? Saduma fa? A Amos sura 4 Ubangiji da bakinsa ya ce shi ya hana ruwa, shi ya aiko da fara da annoba, duk da haka mutanen ba su juyo gare shi ba. 2 Tarihi 7 ma da muke yawan karantawa a ranar addu'ar ƙasa, aya ta 13 tana maganar rufe sama da fara da annoba kafin a zo ta 14. Ƙasar da ake zubar da jinin marasa laifi kullum, ake sace yara a makaranta, kuna tsammani sama za ta yi shiru? Ni shekarata 71. Ban ce 'yata Maman Rifkatu ta yi laifi ba, Allah ya kiyaye. Amma idan ƙasa ta yi zunubi, jiƙaƙƙe da busasshe tare suke ƙonewa.

Maman_Rifkatu
Baba, na gode, na kuma ji. Amma jinin da kake magana a kai, na mutanenmu ne aka zubar. Ƙanin maigidana yana cikinsu. Wato mu aka kashe wa mutane, mu aka kora daga gida, sannan kuma mu za a sake hukuntawa da ruwa saboda an kashe mu? Nan ne hankalina ya kasa ɗauka.

Bulus_Numan
Ni dai abin da na sani, Kamaru ce take sako mana ruwa daga madatsar Lagdo duk shekara. Da an hana su da Maiduguri ba ta nutse ba.

Injiniya_Biu
Ɗan'uwa Bulus, ka haɗa abu biyu da ba su haɗu ba. Lagdo tana kan kogin Binuwai, ruwanta ku yake sauko wa: Yola, Numan, Makurɗi, har ya haɗu da Kwara a Lokoja. Ba ya zuwa Maiduguri ko kaɗan. Ta Maiduguri madatsar Alau ce, a kan kogin Ngadda, wajen kilomita 20 daga gari ta ɓangaren Konduga. Ruwanta daga wajen duwatsun Mandara yake gangarowa ta dajin Sambisa. A tsakiyar shekarun 1980 aka gina ta, don ruwan sha na gari da noman rani.

Ga abin da nake so kowa ya riƙe. Wannan ba shi ne karo na farko ba. A 1994 ruwan Alau ya taɓa cin Maiduguri, manya a garin suna tunawa. Wato an samu shekara 30 cur na gargaɗi. Madatsar ƙasa irin wannan tana son kulawa kullum: a kwashe yashi da lakar da ke taruwa a cikinta don kada cikinta ya ragu, a duba ƙofofin sakin ruwa, a toshe tsaga tun tana ƙarama, a kuma rage ruwa da wuri idan an ga damina ta yi ƙarfi. Manoman da ke kusa sun daɗe suna ƙorafi. Kwanaki kaɗan kafin ta fashe ma jaridu sun ruwaito cewa jami'ai sun je sun duba, suka ce wa jama'a babu abin tsoro. Bayan haka mutum kusan 400,000 suka rasa wurin kwana.

Ruwan sama na Allah ne, ban musa ba, kuma daminar 2024 ta yi yawa ƙwarai. Amma bangon madatsa ba Allah ya gina ba, ba kuma shi aka ba kwangilar gyara ba.

Bulus_Numan
To na karɓi gyara. Amma namu ma labarin ɗaya ne. Tun da aka gama Lagdo a 1982 ake maganar gina madatsar Dasin Hausa a Fufore don ta tare ruwan. An haife ni, na yi aure, yanzu ɗana yana sakandare, har yau magana ce. A 2012 ina gani ruwa ya shanye gonar shinkafarmu saura mako uku girbi. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ta ce mutum 363 suka mutu a ƙasa baki ɗaya a shekarar, fiye da miliyan 2 suka bar gidajensu. A 2022 ya dawo, aka rasa fiye da 600. Duk lokacin kamfe sai an ambaci Dasin Hausa.

Talatu_Zonkwa
Abin da ya fi ɓata mini rai a wa'azin nan shi ne maganar zaɓen 2023. Mu faɗi gaskiya, abin da yake nufi shi ne tikitin Musulmi da Musulmi. Ni ma ban ji daɗin tikitin ba a lokacin, na kuma faɗa. Amma a 2012 wa ke mulki? Goodluck Jonathan, Kirista. Ruwa ya ci jiharsa Bayelsa har garinsu Otuoke. A lokacin ban ji wani a majami'a ya ce hukunci ne saboda wanda aka zaɓa ba. Idan namu yana sama sai mu ce jarrabawa ce, idan na wasu ne sai mu ce hukunci. Wannan ba annabci ba ne, siyasa ce aka sa wa rigar fasto.

Dattijo_Kagoro
'Yata Talatu, a nan kam kin yi gaskiya. Ban goyi bayan a ɗora abin a kan addinin wani ba. Ni zunubin ƙasa duka nake nufi, har da namu na cikin ikkilisiya.

Dan_Pankshin
Tun da an zo nan bari in ƙara, ko da zai yi wa mutanenmu zafi. Akwai asusun kula da muhalli da gwamnatin tarayya ta kafa tun 1981, kuɗin zaizayar ƙasa da ambaliya da irinsu. Wanene aka ɗaure a kan kuɗin nan? Tsohon gwamnanmu na Filato, Joshua Dariye. A 2018 kotu a Abuja ta same shi da laifi a kan fiye da naira biliyan 1 na asusun, ta ba shi shekara 14, kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 10, a 2022 aka yi masa afuwa. Sunansa daga Littafi Mai Tsarki yake, majami'a yake zuwa. Kuɗin magudanar ruwa ba ya tambayar addinin hannun da ya ɗauke shi. Ni ɗan Filato ne, ina faɗa ne da baƙin ciki.

Mwa_Garkida
Ku yi hankali da kama sunaye don Allah. Romawa 13 ta ce mu yi biyayya ga masu mulki, Allah ne ya naɗa su. Namu addu'a ne.

Fasto_SD
Ɗan'uwa Mwa, hukuncin kotu ne ya ambata, ba tsegumi ba. Kuma ka karanta surar har aya ta 4: mai mulki bawan Allah ne domin amfanin jama'a. Bawa kuwa ana tambayarsa aikin da aka ba shi. Addu'a dominsu wajibi ce, 1 Timoti 2 ta umarce mu, muna kuma yi kowace Lahadi. Amma Natan ya shiga fada ya ce wa Dawuda kai ne mutumin. Iliya ya tare Ahab a gonar Nabot. Yahaya Maibaftisma kansa ya bayar saboda ya faɗa wa Hirudus gaskiya.

Baba Dattijo, bari in koma kan Amos ɗin da ka kawo, don ka kawo shi daidai. Wane zunubi Amos ya lissafa? Sayar da matalauci a kan takalmi, karɓar hanci a ƙofar gari inda ake shari'a, ma'aunin zamba a kasuwa, masu kwance a gadajen hauren giwa ba ruwansu da lalacewar jama'a. Idan mai wa'azi zai tsaya a kan Amos, to yatsansa wurin mai cin kuɗin gyaran madatsa zai nufa, ba wurin matar da keken ɗinkinta ke cikin laka ba. Bambanci na biyu kuma: Amos ya ce Ubangiji ya faɗa, don Ubangiji ya faɗa masa. Ni ba a faɗa mini dalilin ruwan Alau ba. Abokan Ayuba uku sun yi ta bayyana masa dalilin wahalarsa, surori da yawa, da hikima mai daɗin ji. A sura ta 42 Allah ya ce ya yi fushi da su don ba su faɗi gaskiya game da shi ba. Kwana bakwai ɗin da suka zauna a ƙasa tare da shi ba su ce uffan ba, shi ne abin kirkin da suka yi.

Hassan_Fori
Assalamu alaikum. Ni Musulmi ne, abokina na makaranta ya sa ni a zauren nan tuntuni, yawanci karatu kawai nake yi. Ku yi haƙuri in sa baki kaɗan. Mu ma muna da irin wannan muhawarar. An samu masu cewa alfasha ce ta yi yawa a gari shi ya sa. Malaminmu ya amsa musu da cewa an umarce mu mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali, kuma shugaba abin tambaya ne a kan abin da aka ba shi kiwo. Ruwan ya shiga fadar Shehu, ya shiga Kasuwar Monday, ya shiga asibitin koyarwa, ya shiga masallatai da coci-coci. Mahaifiyata a bayan wani saurayi ta fita, sai daga baya muka san ɗan ƙungiyar matasan coci ne. Maman Rifkatu, Allah ya mayar muku da alheri.

Maman_Rifkatu
Amin Malam Hassan, na gode. Mu ma daren nan a saman benen wani Alhaji muka kwana, mu fiye da 40. Matarsa ta cire zaninta na biyu ta naɗe 'yata. Ana ta cewa kadoji da macizai sun fito daga gidan zu, kowa ya ƙi sauka. Da asuba su suna salla a gefe ɗaya, mu muna waƙa a hankali a ɗaya gefen, har sojoji suka zo da babbar mota. Shi ya sa da mai wa'azin ya ce ruwan ya san inda ya je, fuskar matar nan na gani.

Saratu_Maradi
Gaisuwa daga Nijar. Daminar nan ɗaya ce ta same mu. A 2024 mun rasa fiye da mutum 300, jiharmu Maraɗi ce ta fi jin jiki, a Damagaram tsohon masallacin ƙasa mai tarihi ya faɗi. Mu nan ba zaɓe ne ya kawo masu mulkinmu ba, sojoji ne tun Yulin 2023. To wane zaɓe aka hukunta mu a kai? Chadi ma ta sha ruwa a shekarar, Kamaru ma. Mu Kirista a nan 'yan kaɗan ne, ba mu da bakin cewa an hukunta maƙwabta, don katangarmu da tasu ɗaya ce, in ta faɗi kanmu duka take faɗowa.

Dalibin_Bukuru
Wannan gardamar tsohuwa ce a tarihin ikkilisiya. Ranar 1 ga Nuwamba 1755 girgizar ƙasa ta rushe Lisbon, babban birnin Fotugal, da safiyar ranar idin tsarkaka, mutane suna cike da majami'u. Masu sujada da yawa ne gini ya danne. Masu wa'azi suka ce hukunci ne, wasu masana kuma suka ce to ina adalcin Allah. A zamaninmu ma, da girgizar ƙasa ta Haiti a Janairun 2010, wani sanannen mai wa'azin talabijin na Amurka, Pat Robertson, ya ce kakanninsu ne suka yi yarjejeniya da Shaiɗan. Kiristoci da yawa a duniya suka ƙi maganar. Abin da Romawa 8 ke koya mana shi ne dukan halitta tana nishi tun faɗuwar mutum. Akwai dangantaka tsakanin zunubi da wahala a dunƙule, amma ba a ba mu ikon ɗaukar wahalar wani mu liƙa mata wani zunubi ba. Yahaya 9 ma haka, mutumin nan da aka haifa makaho, Yesu ya ce ba zunubinsa ba ne, ba na iyayensa ba ne.

Dattijo_Kagoro
To ɗana, in haka ne, babu sauran darasi ke nan? Ruwa ya zo ya tafi, mu ce injiniya ne bai yi aiki ba, shi ke nan? Ina tsoron ranar da za mu daina jin muryar Allah cikin komai.

Dalibin_Bukuru
A'a Baba, akwai. Luka 13 ɗin da Fasto ya kawo da kiran tuba ta ƙare. Abin da nake cewa, kowa ya ji kiran a kansa. In na ji shi a kan maƙwabcina kawai, ban ji ba.

Ladi_Kakuri
Ni zan faɗi namu laifin tunda an ce kowa ya duba kansa. A unguwarmu kwata ta cika da leda da robar ruwa, har da ta ranar bikin majami'a. Wani ɗan'uwa ya gina shago a kan hanyar ruwa, kowa ya sani, ba mai magana don yana ba da baiko mai kauri. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet da hukumar kula da koguna suna fitar da hasashe tun farkon shekara, suna lissafa jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. An taɓa karanta shi a sanarwar ranar Lahadi? Muna da minti 20 na sanarwar aure da gudummawar gini, ba mu da minti biyu na cewa ku ɗaga takardunku sama, ku san inda za ku gudu. Nuhu ma ai gargaɗi ya ji ya sassaƙa jirgi. Yusufu shekara bakwai ya yi yana tara hatsi a Masar, bai ce a yi azumi kawai ba.

Injiniya_Biu
Mama Ladi kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Akwai wata aya da nake so ƙwarai, Maimaitawar Shari'a 22:8. In ka gina sabon gida ka yi wa rufinsa katanga, don kada wani ya faɗo alhakin jininsa ya hau gidanka. Dokar gini ce a cikin Attaura. Ba a ce in ya faɗo kwanansa ne ya ƙare ba, an ce jininsa yana kan mai gidan. Ni a wurina hukuncin madatsa ke nan, da gada, da kwalbati.

Dan_Pankshin
Sai kuma mu tambayi kanmu wa muke zaunarwa a kujerar gaba. Ɗan siyasa ya zo godiya, a tsayar da sujada, a ba shi makirfo, ya yi alkawarin buhun siminti 200, mata su yi guɗa. Wa zai iya tambayarsa ina kuɗin magudanar ruwa bayan an karɓi simintinsa? Bakin da ya ci shi ke jin kunya.

Mwa_Garkida
Ba duka ba ne. Fastonmu ya ƙi karɓa a 2023, an kuma yi ta zaginsa a cikin majami'a cewa ya hana ikkilisiya ci gaba. Matsalar ba ta fastoci kaɗai ba ce, mu membobi ma muna son abin.

Kauna_Bulumkutu
Ina so in yi maganar rabon tallafi, don nan ma siyasa ta shiga. Sau uku aka rubuta sunan yayata, ta bi layi tun asuba da jariri a baya, ba ta samu ko mudu ba. Wani a layinsu da ruwa bai taɓa ƙofarsa ba ya samu, don ya san mai rubutu. Wasu suka fara cewa don mu Kirista ne. Amma maƙwabciyarta Bafulatana ita ma ba ta samu ba, tare suka dawo suna kuka. Ni abin da na gani, wanda ba shi da kowa a sama shi ne aka bari, ko wane addini yake yi.

Maman_Rifkatu
Gaskiya mu mun samu, shinkafa da ɗan kuɗi, ba zan ɓoye ba, na kuma gode. Bai kai kuɗin keken ba amma ya riƙe mu. Abin da ya tashe mu tsaye zumuntar mata ce. Matan wata ikkilisiya daga Jos da ba su taɓa ganina ba suka aiko da zannuwa da tukwane. Bayan nan kwalara ta ɓulla a Oktoba, wata ma'aikaciyar jinya a cikinmu ta bi gida-gida tana koya mana haɗa ruwan gishiri da sukari. A nan na ga hannun Allah, ban gan shi a fashewar madatsa ba. Ko na yi kuskure Fasto?

Fasto_SD
Ba ki yi kuskure ba Mama. A Ayyukan Manzanni 11, da Agabas ya yi annabcin yunwa, ikkilisiyar Antakiya ba ta zauna binciken laifin wa ba ne, kowa ya kawo gwargwadon ƙarfinsa aka aika Yahudiya ta hannun Barnaba da Shawulu. Ba zan ce miki Allah ba ya nan a daren ba, ko ruwan ya fi ƙarfinsa. Yana mulki a kan komai, dalilin da ya sa ya bari kuwa ba a buɗe mana ba. Amma na san inda ya ce za a same shi: wurin mayunwaci, da baƙo, da marar tufa.

Talatu_Zonkwa
Ina ganin ya kamata dattawan majami'arku su kira mai wa'azin nan su zauna da shi. Ba don a kunyata shi ba. Mutanen Mokwa fiye da 150 aka tabbatar sun mutu a ƙarshen Mayun 2025, da yawansu almajirai ne ƙanana da mata a Tiffin Maza da Unguwar Hausawa. Ka tsaya a bagade ka ce ruwa ya san inda ya je? In maganar ta fita waje fa, a garin da muke zaune da mutane?

Dattijo_Kagoro
Wannan kam a kira shi. In ni ne dattijo a wurin zan kira shi. Har yanzu ina nan a kan cewa Allah yana yi wa ƙasar nan magana, ba kuma zan bar wannan ba. Amma yara ƙanana da ruwa ya tafi da su cikin barci, bakina ba zai iya cewa an nufe su ba. 'Yata Maman Rifkatu, in maganata ta farko ta ƙara miki ciwo, ki gafarce ni.

Maman_Rifkatu
Haba Baba, babu komai, ai uba ne kai. Na yi magana da matar fastonmu jiya, ta ce wasu mata biyu ma sun same ta da kuka a kan wa'azin, za ta kai wa majalisar dattawa. Ban san yadda za su ɗauke shi ba, don akwai waɗanda wa'azin ya yi wa daɗi.

Injiniya, tambaya gare ka. An ce an ware kuɗin gyaran Alau. Gaskiya ne? Don tun da aka shiga Agusta, in hadari ya haɗu da dare Rifkatu ba ta barci, sai ta riƙa sa hannu tana taɓa ƙasa.

Injiniya_Biu
Gaskiya ne, a Fabrairun 2025 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da naira biliyan 80 don sake gina ta. Amincewa daban, gama aiki daban, kuma aiki irin wannan ba na damina ɗaya ba ne. Shawarata, ku da ke can ku haɗa 'yan mutane daga majami'u da masallatan unguwa, ku riƙa zuwa wurin kansila da ɗan majalisarku kuna tambaya a rubuce: ina aka kai, wa zai sanar da mu in ruwa ya hau, ina za mu nufa. Ku sa takardu a leda ku rataye sama. Ku kuma samu lambar wani a ƙauyukan da ke kusa da madatsar, su ne ke fara gani.

Hassan_Fori
In za a haɗa, a sa sunana. Limaminmu zai yarda, zan same shi bayan sallar Juma'a. Akwai wani mai kamun kifi a wajen Alau da muke sayen kifi wurinsa, zan karɓo lambarsa.

Maman_Rifkatu
To Malam Hassan, zan gaya wa maigida ya neme ka. Ranar Talata muke taron zumuntar mata, zan kai maganar can ma.